Jiƙaƙƙe Daban, Busasshe Daban: Yadda Ake Rage Bola a Gidan Zongo

Idan ruwan farko ya sauka a Kumasi wajen watan Maris, je ka tsaya a bakin rafin Aboabo ka ga kayan da yake tafe da su: ledar fiya wata, baƙar leda, robar lemo, farar robar tekawe, tsumma, tsohon silifa. Duk daga gidajenmu suka fito, daga Aboabo da Asawase da Sawaba da Akwatia Line. Rafin zai miƙa su ga Sisa, Sisa ta miƙa wa Oda, a can ƙasa kuwa akwai manoman da ke ban-ruwan latas da kabeji da wannan ruwan, kayan lambun kuma su dawo kasuwa mu saya.

Wannan jagora ta gida ɗaya ce, irin gidan hayar da muka sani: ɗakuna goma ko fiye, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ba fili, ba kuɗin sayen wani sabon abu. Ƙa'idar kuma guda ce, komai daga gare ta yake fitowa. Abin da yake ruɓewa kada ya taɓa haɗuwa da abin da ba ya ruɓewa. Ɓawon doya shi kaɗai abincin tunkiya ne. Ledar ruwa ita kaɗai kaya ce da ake awo a biya kuɗi. Amma da zarar an zuba su a kwando ɗaya, aka watsa musu sauran miya, to dukkansu sun tashi daga aiki, sun zama abin da za ka biya mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya kwashe maka.

A shekarar 2015, Kodwo Miezah da abokan aikinsa na jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi sun fitar da sakamakon awon sharar gidaje da suka yi a faɗin Gana. Sun samu cewa kashi 61 cikin ɗari na abin da muke zubarwa mai ruɓewa ne, roba da leda kashi 14, takarda kashi 5, ƙarfe kashi 3, kwalba kashi 3. Ka duba lissafin da kyau. Mafi yawan nauyin da ake ja daga lungunanmu har zuwa babban jujin Oti ɓawo ne da ganye da ruwa, abubuwan da ko kaɗan ba sa bukatar barin unguwa.

Kayan aiki da yarjejeniya

Bokiti mai murfi guda, na jiƙaƙƙen kaya. Buhunan shinkafa uku da suka ƙare, na leda, na roba, na ƙarfe da gwangwani. Sai gwangwanin Milo mai murfi, na abubuwa masu kaifi. Shi ke nan. A buga ƙusa a bango ƙarƙashin rumfa a rataye buhunan, yadda ruwan sama ba zai taɓa su ba, akuya ba za ta kai baki ba, ƙaramin yaro kuma hannunsa zai iya kaiwa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin yara su ne suka fi kowa shan fiya wata a gida, kuma su ake aike da shara.

Kafin a buga ƙusar, a yi magana. Na ga gidajen da mutum ɗaya ya ɗauki abin da zafi shi kaɗai, kafin wata ya ƙare buhunsa ya cika da ƙashin kifi da famfas ɗin 'ya'yan maƙwabta, ya yi fushi ya bari. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a bi ta kan wanda ake jin maganarsa, ko mai gidan ne ko dattijuwar da ta fi kowa daɗewa a cikinsa. A je mata da ladabi: "Mma, akwai shawarar da muka zo da ita, sai in kin yarda." In ta ce a yi, an gama rabin aiki. Sannan a yanke tun farko inda kuɗin da aka samu zai tafi. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a zuba shi a asusun gida: kuɗin mai kwasar bola, tsintsiya, ƙwan fitilar tsakar gida, sabulun wanke banɗaki. Kuɗin ba shi da yawa, kada kowa ya sa rai da arziki. Amma in ba a faɗi makomarsa ba, ko sidi biyu ne sai ya haddasa gaba.

Abin da ke ruɓewa

Mataki na farko shi ne kada abinci ya kai ga bokitin ma. Iyayenmu sun riga mu sanin wannan: tuwon dare shi ne ɗumamen safe, ƙanzon shinkafa ana jiƙa shi a ci, burodin da ya bushe ya shiga shayi. Mai sayar da wake da shinkafa ko koko da ƙosai ta san wanda za ta miƙa wa abin da ya rage kafin ya lalace. Wannan ɗabi'a ce da ta fi kowace dabara da zan kawo a ƙasa daraja, kuma ina jin ciwon ganin tana raguwa a wajen biki, inda ake kwashe rabin faranti a juye a leda a ɗaure.

Mataki na biyu dabbobi ne. Da wuya ka bi lungu uku a Zongo ba ka ga ragon da ake kiwo don layya ba. Ɓawon agade, na doya, na gwaza, dusar da aka tace daga gasarar koko, ganyen kabeji, ɓawon kankana, duk abincinsu ne. In ba ku da dabba, maƙwabci yana da ita, kuma zai turo yaro kullum da yamma ya karɓa. A kula da abu biyu. Ɓawon rogo ɗanye, musamman na rogo mai ɗaci, yana da guba. A shanya shi a rana kwana biyu ko uku ya bushe sosai kafin a ba dabba. Sannan a tsince duk wata leda, komai ƙanƙantarta. Tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin tumakin cikin gari: dunƙulen leda, wani lokaci ya fi kan mutum girma. Dabbar za ta yi ta ci ba ta ƙiba, cikinta ya kumbura, ta rame, mai ita yana ta sayen magani a banza.

Ƙwaryar kwakwar manja da zarenta, bayan an gama miya, a shanya su. Suna kama wuta da kyau kuma suna rage cin gawayi. Haka ɓawon kwakwa da totuwar masara. Tokar murhu tana wanke bayan tukunya, tana kashe wari a masai. Daga tokar ɓawon agade da ta ɓawon koko ne ma ake yin sabulun salo, wanda a nan ake kira alata samina.

Abin da ya rage bayan mutum ya ci, dabba ta ci, wuta ta ci, shi ne na taki. A nan zan ɗan daɗe, domin yawancin waɗanda suka gwada suka bari, wari ne ya kore su, warin kuma kuskure ne mai sauƙin gyara.

A sami tsohon duro na roba ko babban bokitin da ya tsage. A huda shi da ƙusa mai zafi, ƙasa da gefe, huji da yawa, domin takin yana bukatar iska. A ɗora shi a kan bulo biyu a inuwa, a sa tsohon kwano a ƙarƙashi ya tari ruwan da zai ɗiga. A shimfiɗa busasshen abu a ƙasa, kamar tsawon tafin hannu: busasshen ganye, yagaggen kwali, ko garin katako. Garin katako ba ya wahalar samu a garin nan. Kowane kafinta yana neman wanda zai kwashe masa, balle a Sokoban inda masu aikin katako suka taru. Sai dai a guji na katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara.

Kullum in an juye bokitin kicin a ciki, a rufe shi da busasshen abu ninki biyu: kwano ɗaya na ɓawo, kwano biyu na garin katako ko ganye. A daddatsa manyan ɓawo kafin a zuba. In akwai kashin tumaki ko na kaji, a riƙa barbaɗawa, yana hanzarta aikin. Kada a sa nama, ko kifi, ko mai, ko miya. Su ne ke kiran ɓera da ƙuda. Kada a sa kashin kare ko na kyanwa, balle na mutum. Sau ɗaya a mako a juya shi da sanda har ƙasa.

Hannu da hanci su ne ma'auni. Ɗebi cikin hannu ka matse: ya kamata ka ji danshi, ya dunƙule, amma ruwa bai zubo ba. In ruwa ya zubo ko yana wari mai tsami, ya jiƙe da yawa. Ƙara garin katako ka juya, cikin kwana biyu warin zai tafi. In ya bushe ƙayau, musamman da hunturu, kuma ka ga tururuwa sun shiga, yayyafa masa ruwan wankin shinkafa. In ka tura hannu tsakiya ka ji ɗumi, aiki yana tafiya. Idan duron ya cika, a bar shi ya huta a buɗe wani. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi, mai laushi, ba ka gane ɓawon da ka zuba, ƙamshinsa kamar na ƙasa bayan ruwan farko.

Ina za a kai shi a gidan da ba fili? A cakuɗa shi da ƙasa, kashi ɗaya taki kashi biyu ƙasa, a zuba a buhu ko tsohuwar taya ko jarkar da aka yanke, a jera a jikin bango inda rana take kaiwa. Ayoyo, alayyafo, kuɓewa, barkono, albasa mai lawashi, na'a-na'a, duk suna yi a buhu. Wanda ba ya son shuka ya kai wa masu sayar da furanni na bakin titi. Aikin nan da kake yi a duro shi ne wanda babbar masana'antar taki da sake sarrafa shara ta Adagya take yi da injuna, kuma babbar wahalarsu a can ita ce raba abin da muka riga muka gauraya a gida.

Leda da roba

A cikin leda da roba, ledar fiya wata ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi sauƙin sayarwa. Kowace jaka tana ɗauke da guda 30, gida mai mutum ashirin kuwa yana iya shanye jaka biyu ko uku a yini da zafi. In an sha, a matse sauran ruwan, a jefa a buhu. Kada a haɗa ta da baƙar leda, kada a bar ta ta sha mai ko yashi. Masu saye da kilo suke awo, kuma sun san dabarar masu jiƙa kaya ko zuba ƙasa don ƙara nauyi; in suka kama ka sau ɗaya, sun dinga rage maka farashi ke nan. Babbar ledar da ake ɗaure jakar da ita ma ana saye, a naɗe ta daban.

Akwai mata, yawancinsu dattijai, da suke bin tasha da bakin masallaci da wuraren biki suna tsintar wannan leda, su cusa a manyan buhuna su kai wa dillali. In gidanku ba ya son wahalar kai kaya awo, ku zaɓi ɗaya daga cikinsu ku ce ta riƙa zuwa duk mako ta kwashe. Ta sami kaya mai tsafta ba tare da ta sunkuya a kwata ba, ku kuma kun huta. Daga hannun dillali ledar tana zuwa wurin da ake wanke ta, a niƙa, a narkar, a mai da ita ƙwayoyi, daga nan a yi sabuwar leda ko bokiti ko bututu. A Ashaiman kusa da Tema, kamfanin Nelplast na Nelson Boateng yana cakuɗa narkakkiyar roba da yashi yana buga bulon shimfiɗa hanya.

Roba mai tauri iri-iri ce, kuma kowace da kuɗinta. Juya gindin mazubin za ka ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce robar ruwa da ta lemo mai garai-garai. Lamba 2 ita ce jarka da galan da robar man shafawa. Lamba 5 ita ce yawancin bokitai da baho da kujerun roba. Masu saye sun fi son 2 da 5, don haka fasasshiyar kujera ko tsagaggen baho ba abin yarwa ba ne. Inda lambar ta goge, yanki ɗan guntu ka jefa a ruwa: 2 da 5 suna tasowa sama, 1 tana nutsewa. Robar lemo a cire murfin a ajiye daban, a take ta da ƙafa ta baje, buhu zai ci ninki uku. Farar robar tekawe kuwa ba ta da mai saye, dabba ba ta ci, ƙasa ba ta ci. Maganinta kawai kada a karɓo ta.

Kan sake amfani da roba a matsayin mazubi, akwai inda zan tsaya da ƙarfi. Galan mai ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor asalinsa na man girki ne, in an wanke shi da kyau ya dace da ajiyar ruwa. Amma duk mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko na kashe ciyawa, ko man mota, ko ruwan batir, ba ya komawa na abinci har abada, ko sau nawa aka wanke. A huda gindinsa kafin a fitar da shi don kada wani ya tsinta ya zuba ruwan sha. Masu sayar da sobolo da burkina da lamurje su karɓi robobinsu daga gidajen da suka sani, ba daga bola ko bakin asibiti ba, su wanke ciki da murfi da sabulu da ɗan buroshi, su kife su bushe. Wadda ta karce ko ta dushe a mai da ita buhun sayarwa.

Baƙar leda ita ce matsalar da ba ta da kasuwa sosai, kuma mu muke karɓarta da hannunmu. Ka sayi magi na sidi ɗaya a saka maka a leda, a saka ledar a cikin wata. Koko mai tururi a zuba a farar leda a ɗaure, alhali zafi yana ƙara fitar da sinadaran roba zuwa cikin abinci. A aiki yaro da kofi mai murfi ko kula. Wake da shinkafa a ganye ya fi daɗi, kowa ya shaida, ganyen kuma daga baya ya shiga duron taki. Uwargida ta tafi Kejetia ko kasuwar Asawase da kwandonta ko jakar da tela ya ɗinka mata daga buhun fulawa.

Ƙarfe

Ƙarfe ba ya kwana a bola a garin da ke da Suame Magazine, unguwar kanikawa da maƙera. Samarin da ke tura kura suna kiran "kondem" za su zo har ƙofa, daga hannunsu kaya ya wuce wurin manyan dillalai irin na Dagomba Line da Akwatia Line, baƙin ƙarfe kuma a loda shi a manyan motoci zuwa masana'antun narka ƙarfe, da yawansu a Tema, ya dawo rodin gini. Abin da zai hana a cuce ka shi ne mayen ƙarfe, wanda za ka iya cirowa daga tsohuwar sifika. Duk abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, mai arha. Abin da bai kama ba, duba launinsa: fari mara nauyi alminiyam ne, ja jan ƙarfe ne wanda ya fi duka tsada, mai ruwan ɗorawa irin na tsohon kan famfo da kwaɗo tagulla ce. Ka ware su kafin mai saye ya iso, a auna kowane daban a gabanka. In ka miƙa su a cakuɗe, da farashin baƙin ƙarfe za a biya ka. Tagullar nan ita ce maƙeran Krofofrom suke narkarwa su zuba 'yan gumaka da kayan ado.

Ya kamata kowane yaro ya ga yadda ake zuba tukunya ko sau ɗaya. Maƙerin zai kife tsohuwar tukunya a cikin akwatin katako mai hawa biyu, ya cika ciki da waje da yashi mai danshi, ya daddanna da guduma har ya yi tauri. Sai ya raba akwatin a hankali ya zare tukunyar, siffarta ta zauna a yashin, ya mai da akwatin ya rufe, ya bar ƙaramar kafa a sama. A gefe yaronsa yana juya ƙafar keke da aka haɗa da fanka, iska tana hura gawayi, gwangwanayen lemo da karyayyun tukwane suna narkewa a cikin kasko. Alminiyam yana narkewa ne a wajen digiri 660. Maƙerin ya kwashe dattin da ya taso sama, ya ɗaga kaskon da dogon awartaki, ya tsiyaya farin ruwan ta kafar. Bayan 'yan mintuna ya fasa yashin, ga sabuwar tukunya tana hayaƙi, saura a goge bakinta da zarto.

Sana'a ce mai kyau, amma tana da haɗarin da ya kamata a faɗa. A shekarar 2014 masu bincike sun gwada irin waɗannan tukwane a Kamaru suka samu dalma tana fita daga jikin da yawansu zuwa cikin abin da ake dafawa, saboda an narka su da kayan inji da lagireto da sauran tarkace. Mun san abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Don haka in za ka ba da aikin tukunya, kai wa maƙeri kayanka masu tsafta, gwangwanin lemo da tsofaffin tukwane, ka ce da su za a yi. Kada kuma a bar abinci mai tsami ko miyar tumatir ta kwana a cikinta.

Batirin mota da na babur a mai da shi ɗungurungum wurin mai sayar da sabo, yawanci za su rage maka kuɗi. Kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa a tsakar gida. Waya mai rufin roba a feɗe ta da wuƙa, kada a ƙona. Baƙin hayaƙin da ke tashi in ana ƙona waya don a fitar da jan ƙarfe yana cin huhun yaran da ke yin aikin da na duk wanda ke zaune a kusa. Gana tana da doka kan shara mai haɗari da ta kayan lantarki tun 2016, amma doka ba ta shiga lungu sai mutanen lungun sun yarda da ita. Tsohuwar waya da rediyo da talabijin a fara kai su wurin mai gyara, domin abin da ya mutu a wurinka kayan gyara ne a wurinsa. Iyaye kuma su sa ido: in yaro ya fara ganin kuɗin kondem, a tabbata abin da yake sayarwa yasasshe ne, ba murfin kwata ko tukunyar maƙwabciya ba.

Kwalba, takarda, tsumma

Kwalba mai lafiya tana da masu nema: masu man ja, masu zuma, masu gyaɗa, masu maganin gargajiya. Fasasshiya a naɗe ta a kwali a ɗaure. A ƙauyukan Dabaa da Ohwim kusa da Kumasi, da can ƙasar Krobo, ana daka kwalba ta zama gari a gasa a yi duwatsun ado. Kwali a baje shi a ɗaure a ajiye inda ba ya jiƙa, ana saye. Guntayen yadi na wurin tela suna cika matashi ko su zama abin goge ƙafa, tsohuwar riga kuma tsumman goge-goge.

Takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ba ta shiga kowane buhu daga cikin waɗannan. Tsofaffin littattafan makaranta, kalanda, takardar gayyatar aure mai Bisimilla a kai, a tara su a wuri mai tsarki. Malamanmu sun nuna hanya: a binne a wuri mai tsafta da ba a takawa, ko a ƙona su su kaɗai a binne tokar. Yana da kyau kowane masallaci ya ajiye akwati guda don wannan.

Abin da ya rage, da ranakun da shara ke yawa

Bayan duk wannan akwai saura: famfas, audugar mata, tekawe, ƙurar shara. Waɗannan su ne na mai aboboya ko na babban kwantenan unguwa, a ɗaure su da kyau a biya a zubar. Reza, allura, sirinji, ƙusa, su shiga gwangwanin nan mai murfi, in ya cika a manne bakinsa, saboda hannun mai kwasar bola hannun ɗan'uwanka ne. Maganin da ya wuce lokaci a mai da shi kantin magani a tambaye su, kada a bar shi inda yara za su tsinta.

Hanyoyi biyu ne ba su halatta ba ko kuɗin kwantena ya gagara. Ƙona roba a tsakar gida, inda jarirai da tsofaffi suke shaƙa. Da juye kwando a kwata da dare, ko in hadari ya haɗu, da sunan ruwa zai tafi da shi. A 2014 kwalara ta kama mutum sama da 28,000 a Gana, abin da ya sa a watan Nuwamban shekarar aka fara ware Asabar ta farkon kowane wata don tsaftace gari. A ranar 3 ga Yunin 2015, ambaliya da gobara sun kashe mutum kusan 150 a Akara, toshewar magudanan ruwa na cikin abin da ya jawo. Mu da muke zaune a ƙasa-ƙasa kusa da rafi, ɗakunanmu ne na farko da ruwa yake shiga. In an yi aikin gayya an yashe kwata, a nemi hukumar birnin Kumasi, wato KMA, ko ta Asokore Mampong, gwargwadon inda unguwar ta faɗa, ta turo mota a ranar. Dattin da aka tara a bakin kwata aka bari, ruwa na gaba zai mai da shi inda ya fito.

Ranar suna ko aure, a sa yara biyu su riƙa zagayawa da buhu, ɗaya na ledar ruwa ɗaya na robar lemo, tun ana cikin taro, kafin a tattake su da shinkafa da mai. A yi amfani da manyan faranti da za a wanke, kamar yadda ake yi a da.

Ranar layya kuma a shirya tun jajibere. A haƙa rami a inda ƙasa take, a yanka a bakinsa jinin ya shiga, a rufe da ƙasa da toka. Abin cikin tumbi ciyawa ce da ta riga ta fara narkewa, taki ne mai kyau ƙwarai: a juye shi a duro a rufe da garin katako mai yawa, ko a kai wa mai lambu. Fata a barbaɗa mata gishiri a ranar, a naɗe, a miƙa wa masu tara fata kafin ta fara wari. Kai da ƙafa a babbaka su da itace ko gas, ba da taya ba, domin hayaƙin tayar yana zama a jikin naman da za a ci. Inda tsakar gida siminti ce ba wurin rami, gidaje uku ko huɗu su haɗu su zaɓi wuri guda a bayan layi, su yi yankansu a can.